Kwalli da Magudanar Kwarin Gawo

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa mata duwatsu, Ya ɓoye ruwa a cikin dutse, Ya ba kowace halitta aikinta. Ku naɗe ƙafafu, ku rufe baki. Wanda ke jin ƙishirwa ya tashi ya sha yanzu, don in na fara ba na son kaiwa da komowa. Ruwan da za ku sha ɗin ma, labarinsa zan ba ku.

Ni ce Tasalla, matar Tunau maginin tukwane, Allah Ya jiƙansa. A zamanin da nake faɗa muku ina da ƙarfina, haƙorana duk suna nan, garin nan namu na Kwarin Gawo kuwa ya fi haka inuwa. Kun san ba mu da rijiya, ko an haƙa sai a tarar da shimfiɗaɗɗen dutse. Tun kaka da kakanni da magudana muke sha, wadda aka gina da yumɓu, faɗinta kamar cinyar mutum. Ta taso daga idon ruwan da ke kogon bayan Dutsen Goshi, ta bi ta ƙarƙashin dutsen, ta zubo a tafkin tsakiyar gari. Ina yarinya, ƙarar zubar ruwan nan ce ke tashe mu da asuba.

Sai ruwa ya fara raguwa. Da yana zuba kamar damtse, ya koma kamar yatsa, ya koma ɗigo. Maza suka harhaɗa gora suka zura, gorar ta karye a ciki. Mata suka koma ɗebowa daga rafi mai nisa, a fita da sassafe a dawo rana ta take. Ran nan Maigari Shekarau ya tara mu a gindin gawo ya ce in aka girbe gero na baɗi ruwa bai dawo ba, gari zai tashi, kowa ya nemi inda zai nufa.

A garin nan aka binne cibiyata, a nan kabarin uwata yake. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Wani tsoho makaho ya ce ya ji daga kakansa cewa waɗanda suka gina magudanar daga Birnin Makwarara suka zo, can bayan Filin Gishiri, kuma su kaɗai suka san yadda ake yashe ta. Tunau ya ce tunda aikin yumɓu ne, shi zai je. Na ce ƙafata ƙafarsa.

Ya ce, "Ke da ko kasuwar ƙauye ba ki son zuwa?"

Na ce, "Malam, kai mutum ne da in ɓarawo ya shigo gidanka za ka raka shi don kada ya ɓata hanya. In na bar ka kai kaɗai, ba takalmi za ka dawo."

Muka ɗaura kaya muka kama hanya.

Bayan mun wuce dazuzzuka da garuruwan da ban riƙe sunansu ba, muka isa Garin Masu Dariya. Garin yana tsakanin tsaunuka biyu, hanya ɗaya ce kuma ta cikinsa ta ratsa. Dokarsu ita ce baƙo ya shiga kyauta, amma ba a buɗe masa ƙofar fita sai Sarkin Ƙofa ya ji dariyarsa da kunnensa. Tunau tun kafin ya sauke kaya ya biya nasa. Ni kuwa ba na dariya ba dalili. Suka kawo mini 'yan kama. Suka kawo akuya mai tafiya da ƙafa biyu tana gaida mutane. Suka kawo wani ƙato da ke kiɗan kalangu da tumbinsa. Na dube su ɗaya bayan ɗaya na ce Allah Ya shirya.

Aka ajiye mu a masauki, kwanaki suna tafiya. Tunau ya ce, "Tasalla, don Allah ko ta ƙarya ce ki yi."

Na ce, "Ban iya ba."

Ina zaune sai idona ya kai kan randar masaukin, na ga gansakuka ta yi mata kore shar. Na leƙa maƙwabta, na ga tukwane sun kwana ba wanki, yara kuwa majina har haɓa. Mutanen nan dariya ta hana su aiki. Washegari da sassafe na ɗaura ɗamara na shiga gida-gida, ina kifar da randuna, ina tsayawa a kan matan gida sai sun share tsakar gida, mazan ma ban ƙyale su ba. Ba a jima ba garin ya yi tsit, in an hango ni sai a ja yara a shige ɗaki. Sai ga Sarkin Ƙofa da kansa, fuskarsa ba walwala.

Ya ce, "Baiwar Allah, ƙofa a buɗe take."

Na ce, "Ai ban yi dariyar ba."

"Mun yafe."

"Ban gama da unguwar mahauta ba."

"Mun yafe, don girman Allah. Ga guzuri ma."

Haka muka fita.

Daga nan sai Filin Gishiri. Fari fat, ba itace ba tsuntsu, iyakar ganinka. Raƙumi ba ya ratsa shi, gishirin tsattsaga masa ƙafa yake yi. A kan kunkuru ake hayewa, irin manyan nan da kowanne ya kai rumbu, an kafa rumfa a bayansa. Madugun ayarin, wani jan mutum mai faɗa ana ce masa Jatau, yana rataya ganyen rama a bakin gora ya miƙa gaban kunkurun, duk inda ya karkata gorar nan za a bi. Zafin wurin kuwa, Allah Ya raba ku da shi. Ruwa da awo ake ba kowa, ƙoƙo ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Da muka haye, ƙasa ta fara tashi, iska ta fara sanyi, har muka hau Birnin Makwarara a kan duwatsu. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Ruwa na gudu a ƙarƙashin kowace hanya, kana tafiya kana jin motsinsa a tafin ƙafa, kowane gida da bakin magudanarsa. Aka kai mu wurin Inna Yalwa, wata gajeriyar tsohuwa, ita ce uwar masu yasar magudana.

Ina shiga ɗakinta na ji wani wari, ba na ruɓa ba, kamar an haɗa jibda da tsohuwar masara. Muna cikin gaisuwa sai na ga hannun rigarta yana motsi. Wani abu ya leƙo, ya zuro jiki, ya yi ta zurowa kamar ba zai ƙare ba. Dogo ne siriri, ƙafafu gajeru, kunnuwa 'yan ƙanana, gashi ruwan ƙasa, ga baƙi ya zagaye idanunsa kamar an rambaɗa masa kwalli.

Na yi tsalle na rarumi muciya. "Bodari! Inna, bodari a rigarki!"

Ta ce, "Sauke muciyar nan, 'yar nan. Abin da kuka ratso gishiri kuna nema ne kike shirin kashewa."

Su a can ɗan-sululu suke ce masa. Daga baya na ji wasu matafiya suna kiransa faret. Dangin bodari ne, amma na gida, a ɗaki yake kwana kamar kyanwa, kuma ba gidan da ba shi a birnin. Wannan ta Inna mace ce, sunanta Kwalli.

Inna ta bayyana mana yadda aikin yake. Duk ramin da kan ɗan-sululu ya shiga, jikinsa zai bi. Sai a ɗaura masa 'yar ɗamara, a ƙulla zare siriri, a tare ruwa, a sake shi a bakin magudana. Ko ta toshe, ba a rasa 'yar kafa ta sama, nan zai bi ya fita ta ɗaya bakin. Zare ya jawo tsirkiya, tsirkiya ta jawo igiya, igiya ta jawo damin ƙaya da ƙugiya, a yi ta ja gaba da baya har datti ya fito.

Tunau ya ce, "Shi ke nan? To a sayar mana da ɗaya, Inna."

Ta ce, "Ba a sayarwa. Ko an sayar maka, ba zai yi maka aiki ba. Ba ya ratsa duhu don kowa, sai don mutumin da ya ɗauka nasa, wanda ke jiransa a ɗaya bakin. Shi yake zaɓa. Ku zauna tare da su mu gani."

Tunau ya duƙufa neman shiri da Kwalli. Ya saya mata hanta, ya yi mata waƙa, ya kwanta a ƙasa tana hawa kansa. Ta cinye hantar ta cije shi a babban yatsan ƙafa. Ni ko kallonta ba na yi, in ta matso in kore ta da tsintsiya ina faɗa.

Sai kayana suka fara ɓacewa. Yau ludayi, gobe takalmi ɗaya, jibi ɗan kunne. Na sa Tunau a gaba da faɗa, na ce sakacinsa ne. Ranar da tsohon zanena mai rinin baba ya ɓace, na ce yau sai an yi ta. Inna Yalwa ta kama hannuna ta kai ni bayan randa. Ga ludayina, ga takalmina, ga ɗan kunnena, an jera su a lungu. Ga zanena an cukuikuye shi, Kwalli ta naɗe a tsakiya tana barci.

Inna ta ce, "Ta zaɓa."

Na ce, "Ni ban zaɓe ta ba."

"Ba a tambaye ki ba."

Tunau ya dubi yatsansa ya ce, "Duk hantar nan tawa."

Don garinmu na haƙura na karɓe ta, ba don so ba. Na ba ta tuwo, ta shinshina ta ja da baya kamar na zage ta. Ashe ba ta cin komai sai nama da ƙwai. Na ajiye mata kaskon toka a bakin ƙofa don bayan gida, ta ƙi, ta zaɓi lungun da take so, dole na kai kaskon can. In ta yi ɓarna, Inna ta koya mini in kama fatar ƙeyarta in ɗaga, sai ta saki jiki ta yi hamma, ni kuma in zazzage mata faɗa. Kullum safiya da wannan muke farawa. "Ke ja'ira! Ɓarauniya marar kunya! Ina kika kai mini ludayi?" Tana jin haka sai ta fito daga inda ta ɓuya, ta tsaya a kan ƙafata tana kallona.

Warin ne ya fi damuna. Na samo sabulun salo na shiga yi mata wanka kullum. Maimakon ya ragu, sai ya ninka. Inna ta riske ni ina cuɗa ta a kwatarniya, ta riƙe baki.

"Wayyo, 'yar nan! In kin wanke man jikinta, wani take ƙara fitarwa fiye da na da. Ki bar ta sai ta shiga taɓo. Kuma wancan zanen da take kwana a kai, kada ruwa ya taɓa shi. Ya ɗauki warinki da nata. Shi za ki kaɗa a bakin magudana ta biyo shi. Zanen nan shi ne igiyar gaskiya, zaren banza ne."

Ni Tasalla, da ko ƙoƙo ba ya kwana mini ba wanki, aka ce in ajiye zane ba wanki har abada. Na ware kayan sallata daban a cikin lefe, na rataye a sama.

Wata safiya na yi ta faɗa ba ta fito ba. Na same ta a cikin zanen, na taɓa ta ba motsi. Na ɗaga ta, kai ya langaɓe, jiki kamar tsumma. Na girgiza ta, na kira sunanta. Na naɗe ta, na ce wa Tunau ya ɗauko fartanya. Muna fita muka yi karo da Inna.

Ta ce, "Ina zuwa da fartanya?"

Na buɗe mata zanen. Ta ce, "Kun fasa mata ƙwai?"

"Ƙwan me, Inna? Ta mutu."

"A garin nan ba a binne ɗan-sululu sai an fasa ƙwai a gaban hancinsa, an jira inuwa ta juya. Barcinsu ƙanin mutuwa ne. Baƙi da yawa sun binne nasu da rai."

Aka fasa ƙwai a ƙoƙo, muka zauna. Can sai hancin ya motsa. Ta buɗe ido, ta yi hamma, ta lashe ƙwan tas. Sai kuma ta gantsare baya, ta buɗe baki, ta shiga tsalle a karkace tana wani kut-kut-kut, ta bangaji randa ta faɗi, ta tashi ta bangaji ƙafar Tunau, ta sake faɗuwa. Ban san lokacin da abin ya kuɓuce mini ba, har da hawaye.

Tunau ya ce, "La ilaha! Da mutanen Garin Dariya sun san da wannan, da ba su sha wahala ba."

Na ce, "Tari ne, Malam."

Muka yi watanni muna koyo a magudanun birnin. Tunau ya sake ta a wancan baki, ni in kaɗa zane a wannan, sai ga ta ta fito da zarenta ta shige rigata. Da lokacin komawa ya yi, Inna ta raka mu har ƙofar gari. Ta shafa kan Kwalli ta daɗe, sannan ta ce, "Yunwa ba za ta kashe ta ba, 'yar nan. Rana ce za ta kashe ta. 'Yar sanyi ce. In zafi ya kama ta, wannan barcin ba a tashi."

A nan Tunau ya nuna shi magini ne. Ya gina tukunya biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya huhhuda murfin. In an jiƙa yashin, cikin sai ya yi sanyi kamar randa. A ciki muka sa ta da zanenta da 'yan ƙwai.

A Filin Gishiri yashin nan ya fi mu shan ruwa. Ƙoƙona na safe nakan juye masa, in sha na yamma. Da muka kai tsakiya, na yamman ma rabi nake sha. Leɓɓana suka tsattsage. Madugu Jatau ya gani ya ce, "Uwargida, in kika faɗi a nan ba mai ɗaukarki. Mutum ya ba ɓera ruwansa?"

Na ce, "Ruwanka na ba ta?"

Ranar da zafi ya fi tsanani, na buɗe murfi da azahar na same ta a langaɓe. Na ɗaga ta, tsumma. Ban sani ba ko barcin nan ne, ko wanda Inna ta faɗa. Jatau ya leƙo ya ce, "Ta mutu. Jefar da ita ki sha ruwanki, tun ba ta yi mana wari a rumfa ba."

Na ce, "Ba a fasa ƙwai ba."

"Ƙwan me kuma? Malam, matarka rana ta taɓa ta."

Tunau ya matso. Ya ɗauko ƙoƙonsa na yamma ya juye a kan yashin. Na fasa ƙwan da ya rage, na ajiye a hancinta, na zuba wa inuwar gorar Jatau ido a bayan kunkuru. Inuwa ta yi ta rarrafe. Fataken ayarin suka kewaye mu. Har na fara karanta abin da na iya a zuci, sai na ga ɗan harshe ja ya fito ya taɓa ƙwan.

Jatau ya ja da baya ya ce, "Wannan ba dabba ba ce, aljana ce." Amma da yamma shi ya aiko mana da rabin ƙoƙo, wai ya yi masa yawa.

Masu Dariya kuwa, da suka hango ni daga nesa, ƙofofin biyu suka buɗe gaba ɗaya.

Mun iso Kwarin Gawo an gama girbi. Wasu har sun kware jinkar ɗakunansu, an ɗaɗɗaure kaya, tafki ya bushe ya tsattsage. Mutane suka taru a ga abin da muka kawo. Na buɗe tukunya. Wani daga baya ya ce, "Shekara guda kuna yawo, gafiya kuka kawo mana?" Aka yi dariya. Maigari Shekarau ya ce ya ba mu gobe, jibi ayari zai tashi.

Na shiga gida a gajiye, na sa Kwalli a sabuwar randa mai sanyi, na kwanta. Da na farka da la'asar sai ga ƙanwata Lantana tana murmushi, riƙe da wani abu a ninke. Zanen baba ne. Ta wanke shi da sabulu, ta shanya, har ta turara shi da turaren wuta.

Ta ce, "Yaya, na ga wahalar hanya ta sa kin kasa wanke shi. Na san ba kya son ƙazanta. Sai da na sake ruwa sau uku."

Ni na raine ta, ni na koya mata haka da bulala. Kuma ruwan da ta wanke shi, daga rafi mai nisa ta ɗauko a ka. Na ce, "Sannu, Lantana." Na miƙa wa Kwalli zanen, ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya baya.

Da safe Tunau ya ɗauke ta ya zagaya bayan dutse da wasu maza. Aka sa makaɗi a kan dutsen, in zare na tafiya ya yi ta kiɗa, in ya tsaya ya yi shiru. Ni na durƙusa a cikin tafki a bakin magudana, gari duk ya kewaye ni. Ganga ta fara. Na kaɗa zane. Ganga ta yi ta yi, ta yi ta yi, sai ta ɗauke.

Na kaɗa zane har hannuna ya gaji. Na yi irin fiton da mutanen Makwarara ke yi. Na kira ta da lallashi, abin da ban taɓa yi ba. Shiru. Tana can ƙarƙashin dutse a cikin duhu, ba warin da ta sani, ba ta san inda za ta nufa ba. Rana ta ɗaga. Mata suka fara komawa wurin kayansu. Maigari ya matso ya ce, "Tasalla, kun yi ƙoƙari. Abin da Allah bai nufa ba, ba mai yin sa. Tashi."

Sai raina ya ɓaci. Na jefar da zanen, na kwanta rub da ciki a cikin ƙura, a gaban Maigari da surukaina, na cusa fuskata a bakin magudanar.

"Ke ja'ira! Ɓarauniya marar kunya! Na ba ki ruwana a cikin gishiri don ki zo ki kwanta mini a rami? Ina kika kai mini ludayi? Fito nan tun ban zo na same ki ba!"

Muryata ta shiga magudanar tana amsa-kuwwa. Wani ya fara dariya, aka ce masa ya yi shiru. Daga kan dutse, ganga ta buga sau ɗaya. Ta sake bugawa. Ban tsaya ba. Na tono duk laifin da ta taɓa yi mini tun daga Makwarara, takalmina, ɗan kunnena, yatsan Malam, kaskon toka. Ganga tana ƙara sauri. Muryata ta dushe, ina yi. Sai na ji wani abu mai sanyi ya taɓa mini hanci.

Ta fito baƙa ƙirin da taɓo, zare na bin ta, ta hau ƙafata ta tsaya tana kallona kamar kullum.

Zare ya jawo tsirkiya, tsirkiya ta jawo igiya. Rabin gari ya tafi bayan dutse, rabi ya tsaya a tafki, aka yi ta ja ana waƙa. Karyayyar gorar nan ta fara fitowa, sannan taɓo, sannan wata saiwar ɓaure mai gashi kamar jelar doki, sai da maza suka taru a kanta. Da Tunau ya buɗe idon ruwa, mun ji shi tun kafin mu gan shi, yana gurnani a cikin dutse. Ya zubo ja, ya koma fari. Lantana ta faɗa tafkin da kayanta tana kuka. Wanda ya ce gafiya muka kawo, shi ya fara aiko wa Kwalli da kaza.

Igiyar ba mu sake fitar da ita ba. Kowace shekara akan ƙulla sabuwa a jelar tsohuwa a ja, shi ne yasar da kuke gani ana yi bayan girbi.

Kwalli ta zauna a ɗakina, da bazara a cikin tukunyarta mai yashi. Ta saci abin da ta sata, na yi faɗan da na yi. Amma su ba su da tsawon kwana. Gashinta ya yi furfura, tsallen ya ragu. Wata safiya na yi faɗa ba ta fito ba. Na ɗauko ta, na fasa ƙwai, na zauna a bakin ƙofa ina kallon inuwar zaure. Inuwa ta juya. Na ce ƙwan ne ba sabo ba, na fasa wani.

Tunau ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, "Tasalla, inuwa ta juya tun ɗazu."

Na ce, "Na gani, Malam."

Bai tashi ba, ni ma ban tashi ba, sai da aka kira la'asar. Muka naɗe ta a zanen baba muka binne ta a gefen tafki, inda ake jin zubar ruwa.

Shekaru bayan rasuwar Tunau, da aka zo gyaran ɗakina aka janye gado, sai ga wani rami a gindin bango. Na sa hannu. Ludayina na farko ya fito, da ɗan kunne ɗaya, da cazbin Maigari wanda aka yi ta cigiya, da wata tsohuwar hular Malam wadda na yi mako ina masa faɗa a kanta, na ce ya yar a kasuwa. Na riƙe hular nan na daɗe. Sannan na mayar da komai yadda ta jera shi, na ce a mai da gado wurinsa.

Shi ne ramin da nake hana ku tonawa. Hikaya ta tsaya a nan. Wanda ke jin ƙishirwa yanzu ya tashi ya sha, kuma a rufe mini randa.